JAWABIN DA NA GABATAR A TARON TSOFAFFIN ƊALIBAI KAN HAƊA NA'URAR SAUTI MAI BAWUL



An nemi in faɗi wani abu a kan abin da nake yi bayan na yi ritaya. To, ga shi nan a kan tebur, ɗan akwatin da kuke ganin ƙwan gilashi yana haske a samansa. Wannan ƙwai shi ne bawul, irin na tsofaffin rediyon iyayenmu. Lee de Forest ne ya ƙirƙiro irinsa a Amurka a 1906, kafin taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta ture shi gefe.

Ana sa akwatin ne tsakanin abin da ke fitar da sauti, kamar rikoda, da amfilifaya. Ba ya ƙara ƙarfin sautin, hasali ma yakan ɗan rage kaɗan. Aikinsa irin na ɗan dako ne. Rikoda ta san hanya amma ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya, sai shi ya ɗaukar mata, ya bi da sautin ta doguwar waya har ya isa bai raunana ba.

Bawul ɗin da na yi amfani da shi sunansa 12AU7, a Turai kuma ECC82. Biyu ne a cikin gilashi ɗaya, ɗaya na lasifikar dama, ɗaya na hagu. Ƙafafunsa tara, ana ƙirga su daga ƙasa, a fara daga giɓin, a bi yadda hannun agogo ke juyawa. Sauti yana shiga ta ƙafa ta 2 da ta 7, ya fita ta 3 da ta 8, ta cikin kafasita mai tare wuta. Ƙafa ta 1 da ta 6 su ke karɓar babbar wuta, tawa bolt 250 ce. Ta 4 da ta 5 da ta 9 kuwa na hita ne, wadda ke aiki da bolt 6.3 ko 12.6.

Ranar da na fara kunna shi, sai lasifika ta kama ƙugi kamar an taɓa amyar zuma. Kwana biyu ina neman dalili. Ashe wayoyin hita ne na shimfiɗa kusa da wayar shigar sauti. Da na murɗe su kamar tufkar igiya, na manna su a gefen akwati, na kuma tara wayoyin ƙasa duka a wuri guda, sai ƙugin ya ɗauke.

Kuskure na biyu shi ne ya kusa hana ni tsayuwa a gabanku yau. Na zare filogi, na ɗauka shi ke nan, na kai hannu ciki. Ban san lokacin da na yi jifa da sukundireba ba. Kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe na'ura, ni kuwa na manta ban sa razistar da ke tsiyaye ta ba. Abin da ya cece ni shi ne hannuna na hagu yana aljihu, don haka wutar ba ta ratsa ta ƙirjina ba. Malaminmu na Fiziks ne ya dasa mana wannan ɗabi'a tun muna aji huɗu, mu kuwa muna ta dariya a ɓoye. Malam, ga ka nan zaune. Allah ya saka maka da alheri, ka kuma yafe mana dariyar.

Duk wanda zai gwada, kada ya taɓa ciki sai ya auna da mita ya ga wutar ta sauka. Kada kuma a bar yaro ya yi shi kaɗai.

Yanzu zan kunna. Ku ɗan yi haƙuri, bawul sai ya yi zafi yake magana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.