A goge, ko a nemo madogara?

Dokar Wikipedia ita ce duk abin da aka rubuta a nuna inda aka samo shi. To, ƙauyukanmu fa? Gimbana ta yi sa'a: harin da dakarun Sarki Yunfa suka kai wa jama'ar Abdussalami, gab da hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, yana cikin littattafai. Amma tarihin Kimba da garuruwan Maiyama, galibi a bakin dattawa yake. Idan aka ce duk shafin da ba shi da madogara a share shi, shafukansu za a fara sharewa.

Masu son gogewar ma ba su yi ƙarya ba. A 2022 aka gano wata ta ƙirƙiro maƙaloli fiye da 200 kan tarihin Rasha a Wikipedia ta Sinanci.

Ni dai a ganina, zargi kan mutum mai rai ko rigimar sarauta, in babu madogara, a cire nan take. Sauran kuwa a sa musu alamar gargaɗi, a ba da wa'adi. Ɗaliban jami'ar Aliero su zauna da dattawa, su naɗi bayanansu, malamai su tace a buga.