Rumbun Fitsari: Ajiyar da Ke Kare Ƙodar Masu Ciwon Laka



Kowace safiya a ɗakin masu karayar ƙashin baya, ma'aikaciyar jinya takan durƙusa a gefen gado, ta buɗe bakin jakar da ke haɗe da robar fitsari, ta auna abin da ya taru, ta rubuta, ta zubar. Abin nan da take zubarwa, masu bincike lallaɓa shi suke yi kamar ƙwai.

Mafitsara ba ta aiki sai da umarni. Idan ta cika, jijiyoyi ne ke kai labari ta laka zuwa ƙwaƙwalwa, amsa ta dawo: a riƙe ko a saki. In laka ta tsinke a hatsarin babur, ko jariri ya zo da buɗaɗɗen baya, ko ciwon suga ya cinye jijiyoyi, sai saƙon ya katse. Wani fitsari ya riƙa zubo masa bai sani ba. Wani kuma mafitsarar ta ƙi saki, fitsarin ya koma sama ya danne ƙoda, ƙwayoyin cuta su sami masauki.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancin sojojin da suka ji rauni a laka ba su daɗe ba suka mutu, kuma ciwon mafitsara na kan gaba cikin abin da ya kashe su. Dakta Ludwig Guttmann ya fara sauya lamarin a asibitin Stoke Mandeville na Ingila daga 1944. A 1972 kuma Dakta Jack Lapides na Jami'ar Michigan a Amurka ya nuna cewa majinyaci zai iya sa wa kansa robar sau da yawa a yini, muddin ya kula da tsabta. Rayuka sun tsira, amma tambaya ta rage: mutum biyu da rauni iri ɗaya, me ya sa ƙodar ɗaya ke lalacewa ta ɗayan ta tsira?

Nan ne amfanin rumbun samfura. Ana karɓar fitsari da jini, wani lokaci da ɗan yankin naman mafitsara da aka cira yayin tiyata. Ana sa fitsarin a ƙanƙara nan take, don in ya jima a zafin ɗaki ƙwayoyin cikinsa hayayyafa suke yi. Na'ura ta juya shi da gudu har dattin cikinsa ya kwanta, a rarraba shi a ƙananan kwalabe don kada a narkar da duka saboda gwaji ɗaya. Lamba ake manna wa kwalba, ba suna ba. Sai firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Kowace kwalba kuma da tarihinta: inda lakar ta tsinke, irin robar, magungunan da aka sha, da ranar ɗauka. Kwalbar da ba tarihi ba ta amsa kowace tambaya.

Rumbun UK Biobank na Birtaniya ya tara jini da fitsarin mutum kusan 500,000 tsakanin 2006 da 2010. A garin Nottwil na Suwizalan akwai rumbun da ya keɓanta da masu raunin laka. A 2012 masu bincike a Amurka suka nuna cewa fitsarin mai lafiya ma yana da nasa ƙwayoyin, kuma sun sha bamban da na mai larurar jijiyoyin mafitsara. Ke nan ba duk ƙwayar da aka gani ce take buƙatar magani ba.

A gida ma an fara: shirin H3Africa ya kafa rumbun samfura a Abuja, asibitin ƙashi na Dala a Kano kuma kullum cikin karɓar masu karayar baya yake. Abu biyu ne sharaɗi: wuta da amana. Firizar da ta mutu kwana guda tana iya ɓata aikin shekaru. Kanawa kuma ba su manta yadda gwajin maganin Trovan da aka yi a Kano a 1996 ya girgiza amanarsu ba.

Don haka, ɗalibai da ma'aikatan jinya, kafin a ɗauki ko cokali ɗaya na fitsarin majinyaci, a zauna da shi, a bayyana masa da Hausa inda za a ajiye fitsarin, da wanda zai taɓa shi, da 'yancinsa na cewa a'a.