Sa'a Ɗaya A Gaban Ubangiji
Jawabi ga dattawa da membobin ikilisiyoyin ƙasar Gobir



An roƙe mu mu yi bayani kan wata al'ada ta Katolika wadda 'yan'uwanmu na ECWA da Baptis sukan tambaye mu a kanta: me ya sa muke durƙusawa shiru a coci, babu waƙa, babu wa'azi?

Amsar ita ce, mun gaskata cewa gurasar da aka keɓe a lokacin Mas ta zama jikin Yesu da kansa. Abin da ya ragu akan ajiye shi cikin akwati mai tsarki kusa da bagade, a kunna fitila a gefensa dare da rana. Wani lokaci Fada yakan fito da shi ya ɗora a kan bagade domin jama'a su yi sujada. Tushen wannan yana cikin Matiyu sura 26, inda Ubangiji ya nemi almajiransa su yi tsaro tare da shi na sa'a ɗaya a Getsamani, amma barci ya kwashe su.

A shekarar 1264 Paparoma Urban na Huɗu ya kafa idin Jikin Almasihu, Toma Akwinas kuma ya tsara addu'o'in idin. Toma ɗan ƙungiyar Dominikan ne, wato ƙungiyar da limamanta daga Amurka suka kafa aikin da ya zama Dayosis na Sakkwato a 1964. Ashe abin gadonmu ne.

To, ina ruwan mai zama a Sabon Birni ko Isa ko Unguwar Lalle da wannan? Kun san halin da ƙasarmu ta shiga. A watan Disamba 2021 'yan bindiga suka ƙone motar fasinja da mutane a cikinta kusa da Gidan Bawa. A 2020 aka kashe Michael Nnadi, ɗalibin limanci na dayosis ɗinmu, bayan an sace shi a Kaduna. Akwai ranar da baki ba ya iya waƙa. Addu'ar shiru ba ta bukatar lasifika ko janareto, ba ta kuma bukatar taro mai yawa. Mutum biyu sun isa, ɗaya ma ya isa.

Ku tuna da Charles de Foucauld, limamin Faransa da ya zauna cikin Buzaye Musulmi a Tamanrasset ta Aljeriya daga 1905. Bai tara ikilisiya ba. Yakan daɗe a durƙushe gaban Sakramenti, sa'an nan ya buɗe ƙofarsa ga maƙwabta, har ya rubuta ƙamus na harshensu. An kashe shi ran 1 ga Disamba 1916, Paparoma Francis kuma ya sa shi cikin tsarkaka a 2022. Shirunsa a gaban Allah ne ya koya masa zama da mutane.

Ga abu uku da muke roƙo. Na fari, inda akwai Sakramenti, a raba sa'o'i tsakanin iyalai, da rana, kowa ya koma gida kafin magariba. Na biyu, a ƙauyen da Fada ba ya samun isowa, katikis ya tara jama'a, a karanta Linjila, a yi shiru na minti 15, kowa ya gaya wa Yesu a zuciyarsa cewa yana marmarin karɓarsa. Na uku, cikin shirun nan mu ambaci waɗanda ke hannun masu garkuwa, da maƙwabtanmu Musulmi, gama su ne mafi yawan waɗanda aka binne a wannan fitina. Masu aikata ta ma, mu roƙa musu tuba.

'Yan'uwa na sauran ɗariku, ko da fahimtarmu game da Jibin Ubangiji ta bambanta, ƙofa a buɗe take. Ku zo ku zauna tare da mu.

Ubangiji ya tsare shigarmu da fitarmu. Amin.