Wata uku kafin magani: sharuɗɗan inshorar lafiya a Faransa

 

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, wai duk wanda ya taka ƙasar Faransa ya samu magani kyauta. Maganar ba haka take ba, kuma mutane da dama sun sayar da gona ko shago a kanta. Abin da dokar Faransa ke dubawa shi ne zama: tun yaushe kake ƙasar, kuma da wace takarda.

A shekarar 1999, zamanin faraminista Liyonel Jospan, majalisar dokoki ta kafa tsarin da ake kira CMU, wanda ya soma aiki ranar 1 ga Janairun 2000. A 2016 aka maye gurbinsa da PUMA. A ƙarƙashinsa, wanda ya samu aiki bisa ƙa'ida yana shiga inshora tun ranar da ya soma aikin. Wanda ba ya aiki kuwa, sai ya nuna takardar izinin zama, ya kuma tabbatar da cewa ya yi wata 3 cur a ƙasar ba tare da ya fita ba. Ɗalibai da suka yi rajista a jami'a an ɗauke musu wannan jira, abin da ya kamata iyaye su sani. Bayan an shiga, ba a ci gaba da cin moriyar sai mutum yana kwana aƙalla wata 6 a kowace shekara a Faransa. Ɗan kasuwar da ke kai da komowa tsakanin Maraɗi da Paris, ko da yana da takardar zama, zai iya wayar gari an yanke masa.

Mai biza ta ziyara ba ya cikin wannan lissafi sam. Shi ya sa ake tilasta masa sayen inshorar tafiya ta Yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa. Ita kuma wannan inshora ta haɗari ce da ciwon da ya taso ba zato. Ba a yi ta don ciwon suga ko na ƙoda da mutum ya taho da shi daga gida ba. Kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, samun bizar kanta ya zama wata doguwar tafiya.

Saura waɗanda ba su da takarda. Dokar 1999 ɗin ta tanadar musu AME, taimakon magani na gwamnati, ga masu ƙaramin ƙarfi. A nan ne aka fi ƙara tsanantawa. Tun 2020, watanni 3 ɗin ba a ƙirga su daga ranar sauka, sai daga ranar da biza ta ƙare. Mai bizar kwana 90 ke nan zai yi rabin shekara kafin ya cancanta. Tun 2021 kuma, wasu ayyukan da ba na gaggawa ba, kamar cire yanar ido ko sauya ƙashin gwiwa, sai an ƙara jiran wata 9. Masu neman mafaka ma an ɗora musu jiran wata 3 tun farkon 2020. An keɓe yara ƙanana, haka ma wanda rayuwarsa ke cikin haɗari, wanda asibiti ba ta da ikon mayar da shi.

A ganina, wannan jira siyasa ce fiye da tattali. Mara lafiyan da aka hana ganin likita wata 3 ba ya warkewa don an hana shi. Daga baya sai ya faɗo sashen gaggawa inda kuɗin ya ninka. A Nuwamban 2023 majalisar dattawan Faransa ta kaɗa ƙuri'ar rage AME zuwa taimakon gaggawa kawai, likitoci dubbai suka yi ca, kuma dokar da aka zartar a ƙarshe ba ta ɗauki wannan sashe ba.

Wanda ke shirin kai mara lafiya, to ya nemi asibitin ta rubuto masa kiyasin kuɗin aikin tun yana gida, domin shi za a ce ya biya tun kafin a ba shi gado.