Giginyoyin Rano da Kibiya

Duk wanda ya ratsa gonakin Rano zuwa Kibiya zai hango giginya nan da can, doguwa, da kumburi a tsakiyar gangarta. Amma ku lura: kusan duk tsofaffi ne. Ina ƙananan?

Da azarar giginya kakanninmu suka yi rufin soraye, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Ganyenta ya zama tabarma, 'ya'yanta ga zaƙi ga ƙamshi. Sai muruci, wanda nake so tun ina yaro. To, murucin nan shi ne jaririyar giginya. Duk wanda aka tono aka dafa, bishiya guda ce ba za ta tsaya ba. Kuma giginya mace da namiji ne, mace kaɗai ke haihuwa, bayan shekaru masu yawa.

'Yar'uwarta ta Indiya, jihar Tamil Nadu ta ɗauke ta bishiyar jiha. A Gaya ta Nijar kuwa, mutanen ƙauyukan Dallol Mawri ke gadin kurmin giginyarsu. Manoman Rano da Kibiya, in kun binne ƙwallo goma bana, ku bar uku a ƙasa.