Sharaɗin Aiki Kafin Magani: Darasi Daga Amurka

(Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na reshe)



Yau zan ɗauke ku zuwa ƙasa mai nisa, domin Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Amurka akwai shirin inshorar lafiya na gwamnati mai suna Medicaid, wanda aka kafa a shekarar 1965 domin masu ƙaramin ƙarfi. A ranar 4 ga Yuli, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar da ta ɗora wa shirin sabon sharaɗi. Daga farkon 2027, da yawa daga cikin baligai 'yan shekara 19 zuwa 64 sai sun nuna shaidar yin sa'o'i 80 a wata a bakin aiki, ko karatu, ko hidimar al'umma, kafin a ci gaba da biya musu kuɗin magani. An ɗauke wa masu juna biyu, da naƙasassu, da iyayen ƙananan yara.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjarsu, kuma adalci ne mu saurare ta. Sun ce kuɗin haraji guminsu ne na ma'aikata, bai dace mai lafiya da ƙarfi ya naɗe hannu a ɗauki nauyinsa ba. Wa zai ƙi wannan magana? Mu da kanmu kullum muna koya wa yara cewa zaman banza ba abin alfahari ba ne.

Sai dai an riga an gwada abin. A 2018 jihar Arkansas ta fara aiki da irin wannan sharaɗi, aka ce kowa ya riƙa shigar da sa'o'insa ta intanet duk wata. Wanda ya yi fashin wata uku, an cire shi har ƙarshen shekara. Cikin 'yan watanni sama da mutum 18,000 suka rasa inshorarsu, har wata kotun tarayya ta dakatar da tsarin a watan Maris na 2019. Da masanan Jami'ar Harvard suka bincika, sai suka tarar yawan masu aiki bai ƙaru ba. Suka kuma tarar mafi yawan waɗanda sharaɗin ya shafa dama suna aiki, ko suna da uzurin da doka ta amince da shi. Wasunsu ma ba su taɓa jin labarin sharaɗin ba. Ashe takarda ce ta kayar da su, ba lalaci ba.

'Yan uwa, mu malamai mun san zafin takarda. A wata tantancewar ma'aikata, na ga wata abokiyar aikinmu da ta shekara goma sha biyar a aji, sunanta ya ɓace daga jerin albashi saboda kuskuren harafi ɗaya. Wata uku tana zirga-zirga tsakanin ofis da ofis. To, yaya idan abin da ke rataye a wuyan takardar maganin hawan jini ne ko na ciwon suga? Mai ciwo ba ya iya jiran a gano fayil.

Mu ma muna kan hanyar faɗaɗa inshorar lafiya. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Su waye marasa galihun? Iyayen ɗalibanmu ne: mai tura ruwa, mai dako, mai tuyar ƙosai. Duk suna aiki tun asuba, amma wa zai ba su takardar shaida?

Don haka ina roƙon reshenmu abu biyu. Na farko, duk lokacin da aka nemi ra'ayin ƙungiya kan inshorar lafiya, mu dage a sauƙaƙa rajista, kuma kada a cire sunan kowa sai an sanar da shi an ji ta bakinsa. Na biyu, mu yi amfani da taron iyaye da malamai wajen bayyana wa iyaye haƙƙinsu da yadda ake cika takardun, domin yaron da uwarsa ke kwance babu magani, jikinsa ne kawai a aji.

Lafiya uwar jiki ce, sai da ita ake fita nema. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.