Allura ko Hasken Leza: Wanne Ya Fi Dacewa da Faifan Garmaho?



Tun 1948 da kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai, hanyar da aka saba sauraronsa ɗaya ce. Allura mai bakin lu'ulu'u tana bin siririyar tsagar da ke jikin faifan, gefunan tsagar suna girgiza ta, girgizar ta koma lantarki, lantarkin ya koma sauti. Nauyin da allurar ke ɗorawa bai wuce giram biyu ba galibi, amma da yake a kan ɗan tsinin baki ya taru, yau da gobe yana cin faifan, balle idan allurar ta dakushe.

Wannan ne ya sa masana suka nemi hanyar karanta faifai ba tare da taɓa shi ba. A 1983 Robert Reis, wanda ya yi karatu a Jami'ar Stanford, ya kafa kamfanin Finial domin ƙera garmaho mai aiki da hasken leza. Sai dai faifan CD ya riga shi shiga kasuwa a 1982, ciniki ya koma can. Daga baya fasahar ta koma Japan, inda kamfanin ELP ya fara sayar da na'urar a 1997 a kan sama da dala 20,000.

Na'urar tana harba haske guda biyar: biyu suna karanta gefunan tsagar, biyu suna bin sawunta, ɗaya yana lura da tudu da kwarin faifan. Ba ta goge komai. Ana ma iya saita hasken ya karanta sashen tsagar da allura ba ta taɓa ci ba, sai tsohon faifan da ya gaji ya dawo da murya.

To, ina gizo ke saƙa? A wajen ƙura. Allura tana ture ƙananan ƙura tana wucewa, shi kuwa haske ba ya ture komai. Duk ƙwayar ƙurar da ya gani sai ya karanta ta a matsayin sauti, ka ji ƙas-ƙas. Sannan baƙin faifai kaɗai yake iya karantawa, mai launi ko garai-garai ya fi ƙarfinsa. Ku auna matsalar ƙurar da hazon hunturu a Kano ko Damagaram, ku ƙara da tsadar gyara idan na'urar ta lalace.

Saboda haka, a ganina, kowanne da muhallinsa. Mai sauraro a gida, garmaho mai allura mai kyau ya ishe shi, muddin yana canza allurar kan lokaci. Leza kuwa ta ɗakin adana tarihi ce, inda ake da faifai ɗaya tilo wanda ba a son a ƙara masa rauni.

Gidajen rediyonmu da ke riƙe da faya-fayen su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, shawarata gare su ita ce su fara da abin da ke hannu: a wanke faya-fayen, a jera su a tsaye nesa da zafi, a kwafe su a kwamfuta. Faifan da rana ta lanƙwasa sosai, da allura da leza duk wahala za su sha a kansa.